Haramin Baba Sambo a Jarida

A shekarar da ake rabon sabbin gonakin Managil, Maliki yana da wata bakwai da kama aiki a wata jaridar Larabci ta mako-mako a Madani, kuma har lokacin sunansa bai taɓa fitowa a ƙarƙashin komai ba. Aikinsa kwafe lokutan jirgin ƙasa da sanarwar rasuwa. Littattafan da ya karanta sun cika masa ƙirji har ba ya samun barcin kirki. Yakan ji kamar akwai wata jimla guda ɗaya tana jiransa a wani wuri, wadda ranar da ya rubuta ta duk ƙasar za ta ɗago kai.

Bayan an gama yankan dawa ya hau lori ya tafi gida, Hillar Mati, ƙauyen Hausawa a bakin kogi kudu da Sinnar. Iyayensa sun rasu tun yana makaranta, don haka in ya ce gida, gidan Baba Sambo yake nufi, aminin mahaifinsa. A nan ya ci tuwo shekara da shekaru tare da Jibo, ɗan Baba Sambo, a kwano ɗaya. A nan kuma Raliya take, ƙanwar Jibo, wadda bai taɓa gaya wa komai da baki ba, amma kowa a gidan ya sani.

Ita ta fara hango shi daga bakin danga.

"Baba, ga Ustaz ya iso! Ustaz, cire takalmin ka riƙe a hannu, kada ƙasarmu ta ɓata ma shi."

"Ke dai ba ki girma," in ji Maliki.

"Wa ya faɗa ma? Tambayi danga, na fi ta tsawo bana."

Ta kawo jabana, ɗan tulun dafa gahawa, ta zuba masa gahawa a ɗan kofin nan mai tsagaggen baki da yake sha da shi tun yana yaro. Jibo ya zauna kusa da shi yana ta murmushi kamar wanda ya ɓoye abu a baki, can ya kasa riƙewa.

"Sunana ya shiga, Maliki. Hawasha, gona tawa ta kaina. Fadan goma sha biyar girmanta."

Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana gonar da tsinke: nan auduga, nan dawa, nan kuma inda ruwa zai shigo daga babbar tur'a, magudanar ban-ruwa. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake tsintar auduga a gonakin wasu, bayansa a sunkuye daga hantsi zuwa la'asar. Yanzu kwamitin rabo ya karɓi sunansa. Sharaɗinsu ɗaya ne, a tabbatar an haife shi a ƙasar nan kuma an haifi ubansa a nan. Dattawa biyu na ƙauyen suka je suka dafa Alƙur'ani a kan haka, saura kawai a rufe jerin sunaye a nuna wa kowa iyakarsa.

A tsakar gidan, a kan igiya, fararen mayafai biyu suna shan rana. Sun tsufa har sun koma launin madara. A ƙarƙashinsu an jingine wata sanda da gora mai igiyar fata. Maliki ya san su sarai. Haramin Malam Alhasan ne, mahaifin Baba Sambo, wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, ya yi shekaru a hanya, ya iso bakin kogin nan ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kwana arba'in bayan an binne shi aka haifi Sambo. Duk shekara in an gama girbi sai Baba Sambo ya sauke ƙunshin daga rufin ɗaki ya shanya shi. Ba shi kaɗai ba, gidaje da yawa a Hillar Mati haka suke yi. Niyya ce ake rayawa, don wanda ya mutu da niyya ba a raba shi da ladan tafiya.

Wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga, ya ga mayafan, ya ɗaga murya kamar yadda aka saba:

"Sambo, yaushe tafiya?"

"Bana, in Allah ya yarda!"

"Ka jira ni, jakina na ɗingishi."

"Jakinka na ɗingishi tun ina da haƙora."

Suka yi dariya, maƙwabcin ya wuce. Baba Sambo ya shafa bakin mayafin da yatsunsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka gani, ɗana, mu nan matafiya muke. Sauka munka yi mu huta. Ubana ya ɗaura niyya, ni na gaje ta, Jibo zai gaje ta. Ni da ko Madani sau biyu na taɓa zuwa, amma kullum ina hanya."

Ya daɗe yana magana ranar, yana ba da labarin tafiyar ubansa yadda mahaifiyarsa ta ba shi: rairayin da ya cinye takalma, rijiyar da suka tarar ta ƙafe, matar da ta haihu a gindin ƙaya. Maliki yana saurare. Bai fito da littafi ba. Bai ce, Baba, zan rubuta wannan ba. A kan lori, a hanyar komawa, ya fito da littafin ya ɗora a gwiwa, ya hau rubutu, lorin na tsalle.

A Madani ya zauna ya gyara. Labarin yana da kyau, amma akwai abin da ya dame shi: wanda ya yi tafiyar ya mutu shekara sittin da suka wuce, shi kuwa mai maganar bai taɓa wuce Madani ba. Mai karatu yana son ya ga ƙafar da ta taka rairayin. Sai ya ɗauke tafiyar daga Malam Alhasan ya ɗora wa Baba Sambo. Kalmomi kaɗan ne ya canza. Inda ya kamata a ce "ubana" ya rubuta "ni". Ya ce a ransa ai jini ɗaya ne, niyya ɗaya ce, kuma wa zai karanta jaridar Larabci a Hillar Mati? Ya saka cikakken suna, Sambo Alhasan, da sunan ƙauyen, don labari marar suna kamar ƙage ne.

Editan, wani mutum mai furfura da tabarau a kan hanci, ya karanta a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Ustaz."

"Haka tsohon ya faɗa? Da bakinsa?"

"Haka ya faɗa."

Editan ya ɗauki alƙalami ya rubuta kanun labari a sama: Shekara sittin a bakin kogi, "Mu ba 'yan nan ba ne". Maliki ya ga kanun. Ya san Baba Sambo bai faɗi haka ba, kuma ya buɗe baki zai yi magana. Amma a ƙasan kanun editan ya ƙara layi ɗaya, sunan Maliki ne, cikakke, sai ya rufe bakin.

Labarin ya cinye rabin shafi na uku. Mutane suka yaba. Wani malamin makaranta ya aiko da wasiƙa yana cewa ya yi hawaye. Maliki ya yanke shafin ya ninke a aljihun ƙirji, yana shirya yadda zai karanta wa Raliya, inda zai sassauta murya, inda zai ɗago ido ya dube ta.

Mako biyu bayan haka, ranar Talata da hantsi, yana kwafe lokutan jirgi, inuwa ta faɗo kan takardarsa. Jibo ne, da ƙurar hanya har gira. Bai yi sallama da Hausa ba. Da Larabci ya yi, irin wadda ake yi wa ma'aikacin da ba a sani ba, sannan ya ajiye jaridar a kan tebur. An zagaye sunan ubansa da jan fensir.

"Sun kira ni jiya," in ji shi, muryarsa a shimfiɗe, babu hawa babu sauka. "Wani da ke bayana a jeri ya kai musu wannan. Shugaban kwamiti ya ce, wannan Sambo Alhasan na Hillar Mati, ubanka ne? Na ce ubana ne. Ya ce, to ga shi da bakinsa ya ce da ƙafa ya zo daga Sakkwato, ya ce ku ba 'yan nan ba ne. Ya ce dattawan da sunka dafa Alƙur'ani su gode wa Allah da furfurarsu. Ya ja layi a kan sunana."

Maliki ya dubi jan zagayen. Ya jira wani abu ya taso masa, tsoro ko kuka ko kunya. Babu abin da ya zo. Ya ji ƙarar injin bugu a ɗakin baya, ya ga ƙuda yana tafiya a bakin kwalbar tawada, ya lura cewa maɓallin rigar Jibo na biyu ba irin sauran ba ne.

"Jibo, zauna ka sha ruwa."

"Alhamis za su rufe jeri." Jibo ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. Sai a nan ya yi Hausa. "Baba bai san ka rubuta ba. Mai shago ya karanta mai, gaban mutane."

Maliki ya shiga wurin editan ya faɗi abin da ya yi, daga farko har ƙarshe, kamar mai karanta sanarwar rasuwar wani da bai sani ba. Editan ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka gaya wa tsohon za ka buga?"

"A'a."

"Ka karanta masa kafin ka kawo mini?"

"A'a."

"A gidansa kake cin abinci, ya yi maka magana kamar ɗansa, kai kuma kana zaune da kunnen jarida. Na tambaye ka haka ya faɗa, ka dube ni ka ce haka." Ya murza idanunsa. "Ni ma kanun nawa ne, ban aika kowa ya tambaya ba. Za mu buga gyara ranar Asabar."

"Alhamis suke rufewa, Ustaz."

"Jarida Asabar take fita. Ba ni na halicci mako ba."

Maliki ya roƙi wasiƙa da hatimin jarida, editan ya ba shi. Washegari ya hau bas ɗin Managil. Hanyar ta bi gefen tur'a, ruwan yana kwance shiru, gonakin auduga sun fara fari har iyakar gani. Da can da ya ga irin wannan da ya nemo masa kalmomi. Yanzu kallo kawai yake, kamar an sa gilashi tsakaninsa da duniya.

A ofishin kwamiti ya tarar da layi har waje. Ya tsaya har bayan azahar kafin ya kai gaban magatakarda, wani siririn mutum da ke fifita da fayil. Mutumin ya karanta wasiƙar, ya dubi Maliki sama da ƙasa.

"Kai ne marubucin?"

"Ni ne. Ƙarya na rubuta. An haifi Sambo a nan, kabarin ubansa yana Hillar Mati, ku aika a gani."

"Kwanan baya ka ce ya zo da ƙafa, yau ka ce a nan aka haife shi. Wanne zan kai wa shugaba? Kai ɗan ƙauyensu ne, ko ba haka ba? To ka ga." Ya miƙo masa wasiƙar. "Abin da aka buga dubu sun gani. Wannan ni kaɗai na gani. Kawo shi a buge, a duba."

"Gobe kuke rufewa."

"Gobe muke rufewa. Na gaba!"

Ranar Asabar gyaran ya fito. Layi uku ne a shafi na bakwai, a ƙarƙashin lokutan jirgin ƙasa da Maliki ya kwafe da hannunsa. Ranar Lahadi ya kai shi Managil. Magatakardan ya karanta, ya gyaɗa kai, har ya ce Allah ya kyauta, sannan ya nuna masa jerin da aka manna a bango da hatimi a ƙasa. An ba wani gonar. Ko za a sake rabo, ya ce, sai dai a saurara, wataƙila baɗi, wataƙila bayan baɗi.

Maliki ya kwana biyu a Madani yana zuwa aiki yana dawowa. Yana ci in an ajiye abinci. Ranar Laraba ya hau lorin Sinnar.

Abin da ya fara gani a Hillar Mati igiyoyi ne. A wannan lokaci na shekara yakan hangi fararen mayafai ta kan dangogi, gida bayan gida. Yanzu igiyoyin babu komai sai tsumma da wandon yara. Mutane biyu da ya gaisar suka amsa a taƙaice suna kallon wani wuri. A bakin masallaci ɗaya daga cikin dattawan da suka yi rantsuwa yana zaune, ya ga Maliki, ya ci gaba da jan carbinsa.

A ƙofar gida ya ci karo da Jibo yana fitowa, da buhu a kafaɗa da tabarma a naɗe. Lorin masu tsintar auduga yana jira a bakin hanya.

"Ina za ka?"

"Managil. Suna neman hannu." Jibo ya gyara buhun. "An ce sabbin masu hawasha ba su san aikin ba. Ni na sani."

"Jibo, na je. Sau biyu na je."

"An faɗa min. Sannu da hanya, Ustaz."

Ya wuce. Bai yi sauri ba, bai kuma waiwayo ba.

Baba Sambo yana zaune a inuwar ɗaki a inda ya saba. Ya amsa sallama, ya nuna tabarma. Maliki ya durƙusa ya fito da takardu biyu, rabin shafin da ya yanke da ɗan guntun gyaran, ya shimfiɗa su a gabansa. Ya shirya maganganu a hanya, masu yawa, amma da ya buɗe baki sai ya ji kamar an kwashe su.

"Baba, na gyara. Ga shi."

"Karanta min."

Ya karanta, yana mayarwa da Hausa: jarida tana sanar da cewa Sambo Alhasan na Hillar Mati a ƙasar nan aka haife shi, mahaifinsa ne ya yi tafiyar da aka ambata, jarida tana ba da haƙuri.

"To," in ji Baba Sambo. "Ashe nan anka haife ni. Madalla da sunka sanar da ni."

Ya jawo babbar takardar ya auna ta da hannu, taƙi ɗaya da rabi. Ya jawo ƙaramar ya ɗora yatsa ɗaya a kanta, yatsan ya rufe ta duka. Ya daɗe yana kallon yatsan nasa.

"Mi na yi ma, ɗana?" Babu faɗa a muryar, tambaya ce kawai. "Da ka ce min rubutawa za ka yi, da na sa babbar riga na faɗa ma abin da ake faɗa wa hukuma. Ni da kai nike magana."

Maliki ya dubi ƙasa. Zanen gonar da Jibo ya yi da tsinke ya daɗe da sharewa, amma ya san daidai inda yake.

Maƙwabcin nan mai jaki ya bi ta bayan danga. Ya rage tafiya kamar yadda ƙafarsa ta saba a wurin, ya leƙo, ya ga Maliki, ya ga igiyar da babu komai a kai.

"Sambo, ina wuni?"

"Lafiya lau."

Ya wuce. Baba Sambo ya bi shi da ido har ya ɓace.

"Kowa ya ɓoye nashi," ya ce. "Wasu cikin rumbu, wasu ƙarƙashin gado. Tsoro suke kada a gani a rubuta. Na ubana na cikin tukunya, Raliya ta rufe da dawa."

Sai ga Raliya ta fito daga madafa da faranti. Ta yafa mayafi har goshi, yadda take yi in baƙo ya shigo. Ta durƙusa ta ajiye jabana, ta zuba wa mahaifinta a nasa kofin. Sannan ta ɗauko wani farin kofin tangaran mai zanen fure a baki, wanda ake ajiyewa a akwati don ranar da mufattishi, jami'in duba gonaki, ko wani babban mutum ya zo, ta zuba, ta miƙa wa Maliki da hannu biyu.

"Bismilla, Ustaz."

Ta faɗe shi daidai, babu dariya a ciki. Ta tashi ta koma madafa. Ta ƙofar da ta bari a buɗe yana hango ɗan kofin nan mai tsagaggen baki a kife a kan tulu.

Daga bakin hanya aka ji lorin masu tsintar auduga ya tashi, ƙararsa tana raguwa a hankali ta wajen yamma. Baba Sambo ya ninke takardun biyu, ƙaramar a cikin babbar, ya tura su gaban Maliki.

"Riƙe abinka. Sha, kada ta huce."

Maliki ya ɗaga kofin ya sha. Ya san akwai citta a ciki, don ya ga Raliya tana daka ta duk rayuwarsa. Ya shanye har ƙasa, bai ji ɗanɗanon komai ba.